Labarin Gyambon da Ba Ya Zafi

Ƙasar Jahun tana gabas da Kano, a kan hanyar da ta bi ta Wudil da Gaya ta nufi Kafin Hausa da Haɗeja. Da can gunduma ce ta ƙasar Sarkin Kano, amma tun ran 27 ga watan Agusta 1991, da aka yanki Jihar Jigawa daga jikin Jihar Kano, sai ta koma cikin sabuwar jihar. Arewa da ita kogin Haɗeja ya ratsa. Ruwan kogin Kano ne da na Calawa suka haɗu suka zama shi, ya bi ta Wudil da Ringim, ya wuce Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru, sa'an nan ya tarar da kogin Jama'are suka zama kogin Yobe, suka nufi Tafkin Cadi. Ƙasar kashi biyu ce, jigawa da fadama. Sabo da haka ƙafar mutumin wannan wuri ba ta rabuwa da ɗayan abu biyu: ko tana cikin rairayi mai zafi, ko tana cikin ruwa da taɓo. Manomin shinkafa, da masunci, da makiyayi, da matar da ke kai abinci gona, duk da ƙafa su ke ci. Ran da ta kwanta, gidan ya kwanta.

Tun kaka da kakanni mutanen fadama sun san raunukan ƙafa iri iri. Akwai ƙaya da sartse, akwai saran fartanya da yankan lauje, akwai faso da ke tsaga diddige da hunturu, akwai kuma gyambon ƙwauri wanda kan shekara yana tsiyaya ƙuda na bi. Kowanne da yadda a ke yi da shi. A kan barbaɗa garin bagaruwa, a kan ɗaure da tsumma, in wuri ya tara mugunya a kira wanzami ya yi sakiya da ƙarfe mai zafi. Amma duk cikinsu babu wanda ya kai kurkunu cin mutuncin manomi. Mutum ya kan sha ƙwayayenta a ruwan tafki ko kududdufi bai sani ba, sai bayan kamar shekara guda ƙafa ta yi bororo, ta fashe, tsutsa fara mai tsawon yadi guda ta fara leƙowa. A kan naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan, mako da makonni, gama in ta tsinke a ciki ƙafar ta kumbura ke nan. Sau da yawa kuwa da damina ta kan fito, daidai lokacin noma. Da aka bi Nijeriya ƙauye ƙauye cikin 1988 da 1989 ana ƙidaya, an sami mutum fiye da dubu 650 masu ita. Gwamnati da Cibiyar Carter ta Amurka suka tashi haiƙan, daga baya Janar Yakubu Gowon ya shiga yawon gargaɗi. Aka raba ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka hana mai kurkunu tsoma ƙafa a ruwan sha. Mutum na ƙarshe da aka gani da ita a Nijeriya cikin 2008 ne, a Jihar Inugu, cikin 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaida cewa ƙasar ta rabu da ita.

To, duk waɗannan raunuka da aka ambata, kome muninsu, suna da hali ɗaya mai kyau: suna da zafi. Wanda ya taka ƙaya ya kan tsaya nan take ya cire. Mai kurkunu ba ya bukatar wani ya ce masa ya kwanta, raɗaɗi ya riga ya kwantar da shi. Zafi kamar mai gadi ya ke a ƙofar jiki, da ya ga ɓarawo sai ya yi kururuwa. Akwai kuwa cututtuka biyu da kan fara da kashe mai gadin. Ta farko tsohuwa ce a ƙasar Hausa, watau kuturta. Ta biyu, ciwon sukari, ba ta yi yawa ba sai a 'yan shekarun nan. Abin mamaki shi ne, yawancin dabarun da likitocin duniya ke ceton ƙafar mai ciwon sukari da su yau, a wurin kutare aka koyo su.

Da, a manyan garuruwan Hausa kutare suna da unguwarsu da Sarkin Kutarensu, bara kuma ita ce sana'ar mafi yawansu. Abin da kowa ya ɗauka, malami da jahili, Bature da baƙar fata, shi ne cutar ce da kanta ke cin naman mutum, tana gutsure yatsu ɗaya bayan ɗaya har hannu da ƙafa su zama dungu. Cikin 1873 wani likita mutumin Norwe, ana ce da shi Hansen, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita, amma magani bai samu ba sai bayan shekara saba'in. A wajen 1937 En'e ta Kano da ta Katsina da ta Sakkwato suka danƙa wa Mishan ɗin S.I.M. kula da sansanonin kutare na Yadakunya, da Babbar Ruga, da Amanawa. Maganin wancan zamani allurar wani mai ce da a ke samu daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Indiya, mai zafi ƙwarai, amfaninta kuwa kaɗan. Daga baya, wajen 1950, Likita John Lowe ya nuna a Uzuakoli, can Gabashin Nijeriya, cewa ana iya haɗiyar ƙwayar dafson, ga araha ga aiki. Nan Jihar Arewa kuwa Likita C. M. Ross ya ce ba lalle sai an tsare mutane a sansani ba, aka riƙa raba ƙwayar a ɗakunan shan magani na En'e, mutum ya zo daga ƙauyensu ya karɓa ya koma gona. A ƙasar Maraɗi ma an buɗe asibitin kutare na Danja cikin 1956. Cikin 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo tsarin haɗa magunguna biyu ko uku, wanda ke warkar da cutar cikin wata shida ko shekara guda, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da shi.

Sai dai wani abu ya ɗaure wa likitoci kai. Mutum ya sha magani, an auna shi an ga ƙwayar cuta ta mutu sarai, amma ƙafarsa ba ta fasa gyambo ba, yatsunsa ba su fasa gajarcewa ba. In ƙwayar ce ke cin nama, to, wa ke ci bayan ta mutu?

Wanda ya warware wannan shi ne Likita Paul Brand. Bature ne ɗan Ingila, amma a kudancin Indiya aka haife shi cikin 1914, iyayensa 'yan Mishan ne. Ya yi karatun fiɗa a London, ya koma Indiya cikin 1946, ya kama aiki a asibitin Vellore. Da ya fara duba kutare sai ya lura naman jikinsu, in an yanka an ɗinke, yana warkewa kamar na kowa. Ya sa ido a kansu dare da rana, shi da mataimakansa, kowane sabon rauni sai an binciko inda aka samo shi. Ya ba da labarin wani yaro da ya murɗa makullin wani kwaɗo mai tsatsa wanda shi likitan ya kasa buɗewa. Kwaɗo ya buɗe, amma makullin ya yanki yatsan yaron har ƙashi, shi kuwa yana ta murmushi, bai san an yi ba. Wasu kuma su kwanta da yatsa su tashi babu. Da aka yi tsaron dare sai aka ga ɓeraye ne ke gaigaya, mai yatsa yana ta barci. Daga nan aka riƙa sallamar majiyyata kowa da kyanwarsa. Ashe abin da kuturta ke kashewa jijiyoyin ji ne. Sauran ɓarnar, wuta ce, da igiya, da ƙotar fartanya, da tafiya.

Batun tafiya shi ya fi ba shi wuya, shi ya fi kuma amfani. Gyambon tafin ƙafa yawanci ba ƙusa ko ƙaya ke kawo shi ba. Mutum ya kan taka ƙasa sau dubbai a yini. Mai lafiya, in wuri ɗaya ya soma gajiya, ya kan sake taku bai ma sani ba, ya karkata nauyi gefe, in abin ya yi yawa ya yi ɗingishi ko ya zauna ya tuɓe takalmi. Wanda ƙafarsa ba ta ji kuwa, taku ɗaya ya ke yi daga safe har yamma, nauyi na sauka a wuri guda, musamman gindin babban yatsa da tudun da ke bayan yatsu. Wurin ya yi ɗumi, ya yi kanta, naman da ke ƙarƙashin kantar ya daddage, jini ya taru, ran nan sai fata ta huje. Mai ita ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da tafiya a kai, tun da ba ta yi masa zafi. Ɗingishi, wanda mutane ke yi wa dariya, shi ne jinyar da jiki ke yi wa kansa, kuma ita ce kuturu ya rasa.

Da aka gane haka magani ya fito fili: a ɗauke wa mikin nauyi. Tun cikin shekarun 1930 wasu likitoci a Indiya da tsibirin Silon, wanda a ke kira Siri Lanka yanzu, sun gwada naɗe ƙafar kuturu da filastar ɗori, irin wadda a ke ɗaure karaya da ita. Brand ya gyara dabarar, ya sa filastar ta kwanta luf da fata tun daga yatsu har ƙasan gwiwa, yadda nauyin mutum zai bazu ko'ina maimakon ya taru a kan mikin. Gyambon da ya shekara yana tsiyaya sai ga shi ya rufe cikin mako shida ko takwas, ba tare da wani magani mai tsada ba. Sa'an nan aka shiga neman takalmin da zai hana shi dawowa, aka dace da wata roba mai laushi kamar soso wadda a ke shimfiɗawa a ciki. Aka kuma koya wa kutare su riƙa jiƙa ƙafa kullum, su goge kanta da dutse, su shafa mai, domin ƙafar da jijiyarta ta mutu ba ta yin gumi, sai ta bushe ta tsage. Wannan koyarwa ta iso asibitocin kutare na Afirka, har da na ƙasar Hausa.

Shi kuwa ciwon sukari, an daɗe da saninsa a duniya. Masu maganin Indiya na zamanin da sun lura tururuwa na taruwa a fitsarin waɗansu majiyyata, suka sa wa cutar suna fitsarin zuma. Ibnu Sina, babban likitan Musulmi wanda ya rasu cikin 1037, ya bayyana ta, har ya ambaci ruɓewar gaɓa da kan biyo bayanta. Cikin 1776 wani likitan Ingila, Matthew Dobson, ya ƙafe fitsarin mai cutar a wuta, ya ga abin da ya rage kamar sukari ne. Asalin abin shi ne, akwai wata tsoka a bayan tumbi, likitoci na kiranta fankiriyas, ita ke fid da wani ruwa mai suna insulin wanda ke shigar da sukarin abinci cikin naman jiki. In ruwan nan ya gaza, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya yi ta yawo cikin jini. Shekara da shekaru yana haka, ya lalata jijiyoyin ji, ya fara kuwa da waɗanda suka fi tsawo, watau na yatsun ƙafa. Mai shi ya kan ji kamar kiyashi na bin tafin ƙafarsa, ko zafi kamar barkono da dare, ko ya ji kamar a kan auduga ya ke tafiya. Daga nan sai shiru. Takalmi ya kan saɓule ya bar shi a hanya bai sani ba.

Cikin 1884 wani likitan fiɗa a London, Frederick Treves, wanda daga baya ya yi wa Sarki Edward na Bakwai aiki, ya rubuta yadda ya ke jinyar gyambon tafin ƙafa: a tausasa kanta a fere ta, a tsabtace mikin, a sa abin da zai hana nauyi sauka a kansa. Cikin 1887 wani kuma, T. D. Pryce na Nottingham, ya nuna cewa ciwon sukari kan kawo irin wannan gyambo. Ba a kula da maganarsu sosai ba, gama a lokacin mai ciwon sukari mai tsanani ba ya daɗewa har ƙafa ta dame shi. Sai cikin 1921 Banting da Best suka tatso insulin a birnin Toronto na Kanada, cikin Janairu 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya tashi daga bakin kabari. Mutane suka daina mutuwa da wuri, sai matsalar ƙafa ta fito. Likita Elliott Joslin na Boston ya ga haka, ya sa aka buɗe ɗakin duba ƙafa a asibitinsu cikin 1928, cikin 1934 kuma ya yi rubutu yana jan kunnen likitoci cewa ruɓewar ƙafa ta zama babbar makasar masu ciwon sukari, alhali kuwa abu ne da a ke iya hanawa. Fenisilin ya zo cikin shekarun 1940 ya rage mutuwa daga gubar miki. Duk da haka yankan ƙafa bai ragu yadda a ke so ba, domin yawancin likitoci sun ɗauka rashin gudun jini ne kaɗai sanadi, in kuwa haka ne babu abin yi sai zarto.

Cikin 1966 Brand ya tashi daga Indiya ya koma asibitin kutare na Carville, a Jihar Luwiziyana ta Amurka. A can ne aka soma kawo masa masu ciwon sukari, ya duba ƙafafunsu, ya ga gyambon da ya sani ne tun Vellore, a wurin da ya sani, da kantar da ya sani. Ya naɗa musu filasta, suka warke. Da wuya likitocin sukari suka yarda su koyi wani abu daga asibitin kutare, amma gaskiya ta yi halinta, yau filastar nan ita ce a ke ɗauka gaba da kowace dabara wajen warkar da gyambon tafin ƙafa wanda bai ruɓa ba. Daga Carville kuma aka yaɗa wani ɗan awo mai sauƙi. Zare ne na roba kamar gashin wutsiyar doki, wanda kan lanƙwashe in an danna shi da nauyin giram 10. Ma'aikacin asibiti ya sa mutum ya rufe ido, ya taɓa masa tafin ƙafa da shi wuri wuri. Wanda bai ji ba, mai gadinsa ya mutu, ko da ƙafar tana sumul. Brand ya rasu cikin 2003. Kafin nan, cikin 1981, Likita Michael Edmonds ya tara likitan sukari, da na fiɗa, da mai gyaran ƙafa, da mai ɗinkin takalma, da ma'aikaciyar jinya a ɗaki guda a asibitin King's College na London, cikin 'yan shekaru yankan ƙafa a asibitin ya ragu da kusan rabi. Cikin 2003 aka kafa shirin koya wa likitoci da ma'aikatan jinya irin wannan aiki a Indiya da Tanzaniya, aka ga yana yiwuwa ko a ƙasar da ba ta da kuɗi.

Cikin 1901 Likita Albert Cook, wanda ya yi aiki a Uganda, ya rubuta cewa ciwon sukari ba shi da yawa a wurinsu, amma wanda ya kama ba ya tashi. Haka Turawan asibiti suka daɗe suna zato game da Afirka duka. Zamani ya sake. Mutane sun ƙara tsawon rai, babur ya karɓi tafiyar da a ke yi da ƙafa, farar shinkafa da burodi da taliya da lemon kwalba sun matsa wa tuwon gero da dawa, ga kuma gado, wanda ba a iya yi masa kome. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2024 manya miliyan 589 ke da cutar, a Afirka kuwa fiye da rabin masu ita ba su san suna da ita ba. An kuma lissafa cewa cikin kowane mutum ɗari masu ita, tsakanin 19 da 34 za su yi gyambon ƙafa kafin ƙarshen ransu. A Nijeriya, daga 2016 zuwa 2017, likitocin manyan asibitoci shida, har da na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sun bi labarin mutum 336 da aka kwantar sabo da gyambon sukari. Kimanin 35 cikin ɗari sai da aka yanke musu wani sashi na ƙafa, kimanin 20 cikin ɗari kuma a asibitin suka cika. Mafi yawansu sun zo ne bayan miki ya riga ya yi zurfi.

Ba shi da wuya a gane yadda abin ke faruwa a ƙasa irin ta Jahun. Tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974, da ta Calawa cikin 1992, noman rani ya yi ƙarfi a kwarin Haɗeja, manomi ya kan yini cikin ruwa rani da damina, ba takalmi, fatar ƙafa ta jiƙe ta yi laushi, tsakanin yatsu ya yi fari ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarar ambaliya, kamar 2022 da ruwa ya ci garuruwa da gonaki da yawa a Jihar Jigawa, mutane kan ratsa ruwa mai datti ba su ganin abin da su ke takawa, hanyar asibiti kuma ta yanke. Da bazara rairayin jigawa ya kan toya tafin ƙafa. Da hunturu tsoho ya jawo kaskon wuta kusa da ƙafarsa wadda ya ke ji kullum da sanyi, barci ya ɗauke shi, da safe a ga bororo. Wani kuma mai yankan farce ne ya zarce da aska a kasuwa. Rauni ya samu, ba zafi, sai a ce ƙaramin abu ne. In ya kumbura a yi sakiya, ko a gasa da ruwan zafi, abin da ya ke ƙara wa ƙafar da ba ta ji ƙuna a kan rauni. In ya yi wari sai a fara zancen sammu ko an taka wani abu. Tsoron asibiti kuma ya shigo, don an ji wane ya je an yanke masa ƙafa, ba a tuna cewa sai da yatsunsa suka yi baƙi aka kai shi ba. Haka tsoron ke ciyar da kansa. Mutanen Jahun sun fi kowa sanin abin da jinkiri ke jawowa, gama tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke aiki a babban asibitin garin, tana karɓar haihuwa da ɗinkin matan da doguwar naƙuda a gida ta jawo wa yoyon fitsari.

A nan ne kuma ciwon sukari ya fi kuturta sharri. Kuturu jininsa na gudu sosai, jikinsa na iya faɗa da ƙwayoyin cuta, shi ya sa ya kan yi shekara ashirin da gyambo yana yawonsa. Mai ciwon sukari kuwa, ban da mutuwar ji, sau da yawa hanyoyin jinin ƙafarsa sun ƙuntace, balle in yana shan taba, sukarin da ke cikin jininsa kuma ya raunana dakarun jiki. Mikin da ya ke kamar ƙwayar gero ran Jumma'a yana iya ɓaci ƙwarai kafin wata Jumma'ar. Don haka likitoci suka ce duk rauni a ƙafar mai wannan cuta, kome ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti a ranar ko kashegari, in kuwa akwai kumburi, ko ja, ko wari, ko zazzaɓi, kada a kwana. Aikin da a ke yi a can bai yi nisa da na Treves ba. A kan taɓa jijiyar bayan ƙafa da ta idon sawu a ji ko jini na bugawa. A kan fere kanta da mataccen nama da wuƙar fiɗa har a kai ga nama mai jini, a wanke da ruwan gishiri na asibiti, a rufe, a riƙa sakewa. A kan zura ɗan ƙarfe a ji ko ya taɓa ƙashi, a ɗauki hoto in ana shakka. In ƙwayoyin cuta sun shiga a ba da maganinsu, a saukar da sukari, sau da yawa da allurar insulin. Sa'an nan a hana taka ƙafar, ko da filasta, ko da takalmi na musamman, ko da sanduna. Ba a naɗa filasta a kan mikin da ya ruɓa ko ƙafar da jini ba ya isa. Abin da ya fi ƙarfin asibitin gunduma a kan tura shi Dutse, ko Birnin Kudu, ko Kano. Wani lokaci cire yatsa ɗaya da wuri shi ke ceton sauran ƙafar.

Tun da mai gadi ya mutu, dole ido ya karɓi aikinsa, wannan ita ce koyarwar Joslin da Brand duka biyu. A ƙasar da mutane ke wanke ƙafa sau biyar a yini don alwala, ba a bukatar a ƙirƙiro wani sabon lokaci. Abin da ya rage shi ne a duba da gaske, tafi da diddige da tsakanin yatsu, wanda idonsa ya yi rauni ko ba ya iya sunkuyawa ya sa madubi ko ya sa ɗansa ya duba masa. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu. Bayan wanki a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya a tafi da diddige, ban da tsakanin yatsun. Wuri ɗaya ne likitocin sukari suka saɓa wa na kutare: ba su so a daɗe ana jiƙa ƙafa cikin ruwa, kuma ba su yarda mutum ya yanke kantarsa da kansa ba.

Warkewar gyambo ba ita ce ƙarshen aiki ba, domin jijiyar da ta mutu ba ta dawowa, an kuma ga cewa kamar 40 cikin ɗari na waɗanda suka warke su kan sake yin wani kafin shekara ta zagayo. Nan aiki ya koma hannun baduku. Silifa mai igiya tsakanin yatsu ba ta dace ba, tana goge fata, tana kuma saɓulewa. Takalmin taya da a ke sayarwa a kasuwannin ƙauye yana da ƙasa mai tauri wadda ƙaya ba ta hudawa, wannan kuwa abin so ne, sai dai wanda aka haɗa da ƙusoshi ya kan zama shi ne mai kawo raunin in taya ta cinye ƙusa ta leƙo. Wanda asibitocin kutare suka saba yi, ƙasansa taya ce, cikinsa roba mai laushi, da ɗinki da gam a ke haɗa shi, yana da faɗi wajen yatsu da maɗauri a bayan diddige. Sabo ba a yini da shi ran farko, sa'a ɗaya ko biyu a ke yi a tuɓe a duba ko wani wuri ya yi ja. Kowace safiya kuma, kafin a sa, a kan kife shi a kakkaɓe, a zura hannu a laluba cikinsa, sabo da tsakuwa da kunama.